Inna Tana Ganin Hasken Taga

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta goya ki tun ba ki san sunanki ba, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da duk wanda yake kyautata miki a inda ba ki da kowa. Allah ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, ya kare ki daga ciwo da kaɗaici, ya dawo mana da ke lafiya. Mu ma nan alhamdu lillahi, da sauƙi, sai dai abin da zan gaya miki a gaba, wanda ya hana ni sukuni.

Bari in fara da na daɗi kada ki ce yayarki ba ta iya komai ba sai faɗa. Yaya Babba ya samu an gyara masa motar nan tasa da kullum sai an tura, yanzu har yana ɗaukar mutane kyauta don a ga tana tashi da kanta. Matarsa ta sauka lafiya, mace, da hanci irin naki, Allah ya sa kada ta ɗauko taurin kan. Baban yara yana nan da hawan jininsa da ƙin shan magani, kin dai san hali. Sarauniya ta shiga aji na gaba, ta ce ita ma aikin jinya za ta yi irin na antinta, har tana ɗaure wa kyanwar maƙwabta ƙafa da tsumma. Gajere kuwa ya fi ni tsawo yanzu, amma sunan ya ƙi barinsa. Gwaggo tana zuwa kullum da hantsi ta zauna da Inna har in taso daga makaranta, su yi ta musu a kan shekarun mutanen da suka daɗe da rasuwa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani, har da bayar da ita ta hannun mijin abokiyar aikina da zai bi ta wajenku. Dalili biyu ne. Na farko, kin daina ɗaukar wayata, sai ki bari ta katse ki turo ɗan saƙon murya mai sauri cewa kina aji, ko kina asibiti, ko caji ya ƙare. Na biyu, tun da idon Inna ya tafi, kunnenta ya ninka. In na yi raɗa a ɗakin girki, daga gadonta za ta ba ni amsa. Maganar da zan yi miki kuwa ba ta wadda za ta ji ba ce. Don haka ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe, ko da ranki zai ɓaci a tsakiya. Nawa ya riga ya ɓaci, kuma ga ni ina rubutawa.

Auta, ni da ke mun san idon da ya dami Inna. Na dama ne. Shi ne yana ta rufe a hankali har ya yi fari, shi ne take cewa kamar ana hayaƙi a gefenta. Na hagu kuwa da shi take rayuwa: da shi take tsince shinkafa, da shi take duba Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe, da shi take hango datti a wuyan rigar Gajere tun daga bakin ƙofa. Ke ce kika kai ta asibitin idon da kike aiki, kina murna mai asibitin da kansa zai yi mata. Ina zaune a ɗakin ranar farko, lokacin da yanar ba ta gama toshewa ba, ya leƙa da na'urarsa ya ce jijiyar idon dama lafiyarta ƙalau, yana ce kawai, in ta nuna a cire ta Inna ta koma zura zare a allura. Na tuna don Inna ta ce masa ai ita har yanzu tana zurawa, da na hagun. Muka yi dariya, shi ma ya yi wannan murmushin nasa da ba ya gushewa daga fuskarsa.

Ranar aikin, da safe, wata nas ta zo da alƙalami shuɗi ta yi alama a saman girar Inna ta dama. Na ɗauki Inna hoto tana dariya, tana cewa an yi mata lamba kamar buhun kaya. Daga nan aka ce mu jira, aka yi ta shiga da wasu, rana ta yi sama ba a kira ta ba. Dole na tafi ɗauko yara, na bar ta da Gwaggo da ke. Da na dawo an riga an fito da ita, tana kwance, bandeji a idon hagu. Na tsaya a bakin gadon ina dubanta, ina duba hannuna, ina tunanin ko ni ce na rikice da dama da hagu. Na neme ki, aka ce kina ɗakin tiyata. Da kika fito ba ki cire abin rufe hancinki ba, idanunki jawur, kika ce mini gajiya ce, kika ce likita zai yi mana bayani.

Ya kuwa yi bayanin. Ya kira ni da Yaya Babba ofishinsa, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi, ya ce mu ne ba mu fahimce shi ba tun farko. Wai idon dama ya daɗe da mutuwa, hawan jinin ido ya cinye jijiyar, taɓa shi ɓata lokaci ne, don haka dama can na hagun aka shirya yi wa aiki kafin shi ma ya lalace. Na ce masa da kunnena na ji ya ce jijiyar lafiya lau. Ya ce 'yan uwan marasa lafiya sukan ji abin da suke so su ji, shi ba ya ganin laifinsu. Yaya Babba ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Muka koma wajen Inna na tambaye ta, ta ce haka ne, yadda likita ya faɗa haka yake, ni ce mai mantuwa. To me zan ce? Mai idon ta faɗa, likita ya faɗa, ƙanwata da take cikin ɗakin tiyatar ta yi shiru. Na haɗiye maganata.

Washegari da na kawo mata shayi na ga babban yatsanta da ɗanyar tawada, har ta ɓata matashi. Tawadar da ta dangwala kafin aiki ni na goge mata da hannuna. Na tambaye ta, ta ce wata ce ta zo da takarda ta kama mata hannu, ita ba ta gani balle ta san ta mene ce. Da na ce wace ce, sai ta ce barci take ji. Sauran kuma kin sani, don kina nan aka fara: idon hagun ya ƙi lafawa, ciwo, hawaye, allura, aka sake shiga da ita wai za a wanke, aka fito, ya ƙara dushewa. Yanzu ba ta ganin komai da shi sai inuwa. Ana cikin haka asibitin ya ce ya zaɓe ki ya tura ki ƙaro karatu, tafiyar gaggawa, ko sallamar kirki ba ki yi wa dangi ba. Wallahi na yi murna a lokacin. Na bi maƙwabta gida gida ina faɗa. Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni ni kaɗai.

Da na ga Inna ta koma laluben bango a gidan da ta share shekaru tana sharewa, na ce sai mun gwada wani asibitin. Na je karɓar fayil ɗinta. Mai ajiye fayiloli, wanda da yake tashi tsaye in ya gan ni saboda ke, ya ce in dawo gobe. Goben ta zama jibi, jibin ta zama wani mako. Wata rana an ce fayil ɗin yana ofishin likita, wata rana an ce mai makullin ya tafi jana'iza. Da na ɗaga murya aka kai ni wajen manajan asibitin, na nuna masa hoton Inna da alamar a girarta ta dama. Ya karɓi wayar, ya duba, ya mayar mini, ya ce ai kowa ya san waya tana juya hoto. Na ce masa har da tabon ƙunar da ke kuncinta na dama, shi ma wayar ce ta ɗauke shi ta kai kusa da alamar? Sai ya tambaye ni yaya karatunki yake tafiya, ya ce asibitin yana alfahari da ke, zai zama abin takaici a ce wani abu ya katse miki shi. Na fito hannu wofi. Bayan kwanaki aka ba ni fayil ɗin, tsaf, ko lanƙwasa babu a jikin takardun da aka ce an shekara biyu ana buɗawa.

Na kai Inna babban asibitin gwamnati. Muka sha layi, a ƙarshe muka faɗa hannun wata likita matashiya, siririya, mai magana a hankali, wadda Inna ta sa wa suna 'Yar Sanyi. Ta karanta fayil ɗin, ta duba idon hagu ta girgiza kai, ta ce wannan sai dai a lallaɓa shi kada ya riƙa ciwo. Sannan ta koma na dama. Ta ce yanar ta toshe ƙofar gaba ɗaya, babu na'urar da za ta hango mata jijiyar ta bayanta, don haka abu biyu ne za su gaya mata ko idon yana da rai: abin da aka rubuta tun kafin ya toshe, da abin da mai idon za ta faɗa. Takarda ta ce matacce ne. Sai ta kashe fitilar ɗakin, ta rufe wa Inna na hagun da auduga, ta haska mata tocila a na dama, ta tambaye ta ko tana ganin haske. Inna ta ce a'a. Ta haska daga sama, ta haska daga gefe, ta kashe ta kunna. Inna ta ce duhu ne kawai, 'yar nan, kada ki wahalar da kanki.

Likitar ta sa wata nas ta fita da Inna, ta riƙe ni. Ta ce ba za ta ɓoye mini ba, akwai abin da bai zauna mata ba. Duk lokacin da ta haska, ɗan baƙin da ke tsakiyar idon yana tsukewa, kuma mataccen ido ba ya haka. Ta ce idon yana amsawa, mai idon ce take musantawa. Amma ba za ta iya kwantar da tsohuwa mai hankalinta ta yanka mata ido ba alhali ita ta ce ba ta so, kuma takardarta ta goyi bayanta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙarshe. Ta ce yanar ta nuna har ta fara kumbura, in aka bar ta za ta toshe hanyar ruwan ido, ƙarfin ruwan ya hau, ya kashe jijiyar da gaske, kuma wannan ba ya ba da sanarwa. Wato abin da aka rubuta na ƙarya, in muka ƙara jinkiri zai zama gaskiya, babu wanda zai ƙara iya gane bambancin. Ta ba mu ranar dawowa a farkon watan gobe, ta ce in Inna ta canza magana za ta sa ta a gaba a jerin masu aiki.

Kafin in tashi ta juyo mini da fayil ɗin ta nuna mini shafin da aka rubuta mutuwar jijiyar, ta tambaya ko na san lokacin da aka yi wannan gwajin, don kwanan watan na bara ne. Ban iya turancin likitoci ba, amma ban buƙaci in iya ba. Auta, ni na kama hannunki kika fara rubutu a bayan tsofaffin littattafaina. Na san yadda kike jan wutsiyar baƙi ki lanƙwasa ta sama, abin da na yi ta dukan hannunki a kansa kika ƙi bari. Na dubi shafin nan na ce wa likitar ban sani ba. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ta dai rufe fayil ɗin.

Na dawo gida na sa wa Inna ido. Ba a yi nisa ba. Wata rana da yamma an ɗauke wuta, na saka mata magani a idon hagu na manne shi da bandeji, labule a sake, ɗakin ya yi duhu. Fanka a kashe take, rediyonta babu batir, babu abin da zai yi ƙara. Ina zaune ina ninke kaya sai ƙwan fitila ya kama. Kafin in ɗaga kai Inna ta ce an kawo wuta, in je in sa wayata a caji. Ta faɗa ne kawai yadda ta saba faɗa duk tsawon rayuwarmu. Sai ta ankara da abin da ta faɗa. Na ci gaba da ninke zanen da na riga na ninke, ita kuma ta juya fuskarta bango ta ce kanta yana ciwo.

Na bar ta ranar. Washegari da hantsi na ce wa Gwaggo ta huta, na zaunar da Inna a tabarma ina taje mata kai, don na san in hannuna yana cikin gashinta ba ta da wurin gudu. Na ce mata na san tana ganin haske, na san ta san na sani, kuma ba zan tashi ba sai ta gaya mini dalilin da ya sa take yi wa likita ƙarya, ita da ta fasa mana baki a kan ƙaryar alewa. Da ta fara magana kuwa, muryarta ƙasa ƙasa, ta ba ni labarin ranar daga inda na tafi. Ta ce jiran ya yi tsawo har azahar ta yi, Gwaggo ta raka ta ta yi alwala, ruwan ya wanke alamar ba ta sani ba. Tana idar da salla aka kira sunanta, ana ta sauri, likita yana faɗa an ɓata masa lokaci. Kika zo da gudu za ki shiga da ita, kika ga babu alama, kika zaro alƙalami kika tsaya a gabanta kika yi wata. Ta ce ta ji sanyin alƙalamin a hagu, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ce a ranta yarinyar nan ita ta yi karatun, wa ya san ko ta can ake bi a kai ga na dama. Ta ce ba ta so ta gyara miki a gaban abokan aikinki, su ce uwarki ba ta yarda da ke ba.

Ta ce ba a sa ta barci ba, idon kawai aka kashe, aka lulluɓe mata fuska, tana jin komai. Likitan bai tambaye ta ko wane ido ne ba, bai buɗe takarda ba, hira yake yi da wani a kan gini da yake yi. Can aiki ya yi nisa sai ta ji wani ƙarfe ya faɗi ƙasa, ta ji wata ta ja salati cikin raɗa ta ce ba wannan ba ne. Ta ce ko a cikin mata dubu za ta gane numfashin 'yar da ta haifa. Hannun likitan ya yi wani motsi da ta ji har cikin ƙwaƙwalwarta, sannan ya ce kowa ya rufe bakinsa, ya ci gaba. Washegari kuma, wadda ta kama mata yatsa ta dangwala a takarda ba ta yi magana ba, amma hawayenta ya ɗiga a bayan hannun Inna. Ta ce ta matse miki yatsu don ki san ba komai, ba ta sani ba ko kin ji.

Daga nan ta yi mini lissafinta, lissafin da ta kwana ta tashi da shi ita kaɗai duk watannin nan. Ta ce in ta ce tana ganin tocila, za a cire yanar, in aka cire za a ga jijiya lafiya lau, in aka gani za a ce wa ya rubuta cewa ta mutu. Likitan babban mutum ne, yana da lauyoyi da abokai, ba sunansa ne a shafin ba, ba shi ya yi alamar ba. Ke za a jinginawa komai, a ƙwace takardar aikinki, a kore ki daga karatu, a riƙa nuna ki ana cewa ga wadda ta makantar da uwarta. Ta ce ita ta ga duniya ta ƙoshi, ta ga aurena, ta ga jikoki, abin da ya rage bai kai a sayar da rayuwar yarinya a kansa ba. Har cewa ta yi laifin nata ne, da ta haƙura da alwalar. Nan ne na ajiye matajin na fashe da kuka, na yi mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, Allah ya yafe mini. Ta bari na gama, sannan ta ce in na kai maganar nan wajen Yaya Babba ko likita ko hukuma, ba ta yafe mini ba duniya da lahira, kuma ƙafarta ba za ta sake taka asibiti ba. Kin san Inna. Ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

To kin ga inda aka ɗaure ni. In na yi magana, na rasa uwa kuma idon bai tsira ba, don ba za ta je ba. In na yi shiru, ina zaune ina kallo ido mai rai zai mutu a gabana. Yaya Babba bai san komai ba, kullum yana shigowa yana yi wa mai asibitin addu'a, don mutumin har gida yake zuwa duba Inna, da ledar lemo da ayaba, ya durƙusa ya gaishe ta yana kiranta Mama. Zuwansa na ƙarshe ya tambayi lafiyarki, ya ce a gaya miki ki kwantar da hankali ki yi karatu, takardunki duka suna wajensa a adane. Inna ta yi masa godiya har da sa albarka. Ni na shiga ɗakin girki na tsaya na riƙe bakin tukunya har ya tafi, don in na fito ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi fushi da ke, fushin da har na cire hotonki daga bango na sa a durowa. Na mayar da shi bayan kwana biyu, don Sarauniya ta tambaya. Da na huce na yi tunani, na ga alamar kuskure ce ta wadda aka sa wa ƙaimi, ta tsaya fuska da fuska da uwarta, dama ta koma mata hagu. Wanda ya riƙe wuƙa bai duba takarda ba, bai tambayi mara lafiya ba, nasa ya fi naki girma nesa ba kusa ba. Na kuma san ba ke kika zauna kika ƙirƙiro shafin nan ba, na san an rufe ƙofa an tsaya a kanki, an nuna miki kurkuku da hagu, an nuna miki karatu da dama. Na san shi ya sa ba ki ɗaukar waya, don ba ki iya jin muryarmu. Amma ina jin akwai abin da ba ki sani ba, kuma saboda shi na rubuto. Kina can kina zaton Inna ba ta san komai ba, kina zaton idon dama zai jira har ki gama ki dawo ki san yadda za ki yi. Ba zai jira ba, kuma ta sani tun tana kan teburin.

Abin da nake roƙonki ke nan, Auta, kuma babu mai iya yin sa sai ke. Inna tana gadin ƙofa ne don ke. In kika buɗe ƙofar da kanki, ba ta da abin gadi. Ki rubuta wa 'Yar Sanyi abin da ya faru, da hannunki, har da wanda ya sa ki sake shafin, na sa miki lambarta a bayan wannan takarda. Sannan ki kira wayata da rana, in miƙa wa Inna, ki gaya mata da bakinki cewa kin riga kin faɗa, aikin gama ya gama, shirunta ba zai ƙara kare kowa ba. Ta ce ba ta yafe mini ba in na yi magana, amma ba ta ce komai a kanki ba, kuma ban taɓa ganin ranar da ta iya yin fushi da ke har rana ta faɗi ba. Ba zan ce miki ba za ki rasa komai ba. Mai yiwuwa karatun ya tafi, mai yiwuwa aikin ma. Na yi magana da baban yara ba tare da na faɗa masa dalili ba, ya ce ɗakin Sarauniya naki ne duk ranar da kika dawo. Zan raka ki duk ofishin da za a kira ki, in zauna kusa da ke, in faɗi abin da na ji da kunnena ranar farko, in nuna hoton. Wannan kaɗai nake da shi, kuma naki ne.

Ranar komawarmu asibiti tana matsowa. Shekaranjiya Inna ta ce gefen kanta na dama yana sara mata, na tashi a firgice zan nemo mota, ta ce wasa take yi, ya daina. Ban san wanne ne gaskiya ba. Yanzu kullum da safe kafin in gaishe ta sai na leƙa idon in ga ko ya yi ja. Yau ma da na yaye labule, na ga ta ɗago fuskarta ta bi hasken tagar a hankali, har da ɗan murmushi, sai ta ji motsina, ta sunkuyar da kai ta shiga laluben carbinta.

Ki gaishe mini da abokiyar ɗakinki da ta yi jinyarki lokacin da kika yi zazzaɓi, Allah ya saka mata. Yaya Babba da matarsa da jaririya suna gaishe ki, ya ce ki dawo da babbar takarda ya ɗauko ki a motarsa. Gwaggo tana gaisuwa, ta ce ki riƙa cin abinci. Baban yara, Gajere da Sarauniya duk suna gaishe ki, Sarauniya ta ce kyanwar ta warke. Inna ta ji ƙarar takarda ta tambaye ni me nake rubutawa tun ɗazu, na ce gaisuwa ce zuwa gare ki. Ta ce in sa miki albarka, in ce ki yi karatunki kada ki sa komai a ranki, in kuma gaya miki aikin ya yi kyau, tana gani garau. Na yi mata alkawarin zan rubuta, ga shi na rubuta. Tana faɗa tana kallon wajen da take zaton ina zaune, alhali na riga na koma bakin ƙofa.

Ina jiran wayarki. Ba na kashe ta, ko a aji.

Taki har kullum, mai fushi da ke kuma mai ƙaunarki,
Yayarki